Hannun jarin kwabo-kwabo: in riƙe ko in yi ta saye da sayarwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya, ina da mata da 'ya'ya uku. Na daɗe ina tara kuɗin rufin ɗakuna biyu da na gina a filina, har suka kai naira 900,000. Wani abokin aikina ya saka ni a wani zauren WhatsApp da ake ba da labarin hannayen jari masu araha, irin na kwabo 40, kwabo 70, ko naira ɗaya da ɗoriya. Na sauke manhajar wani dillali na zuba naira 600,000 a kamfanoni uku. Na farkon kamfanin inshora ne, ya tashi da kusan rabin kuɗinsa cikin 'yan makonni, ban sayar ba, yanzu ya dawo ƙasa da yadda na saya. Na biyun ya tsaya cak, na sa shi a kasuwa ba mai saye. Na ukun kullum hawa yake yana sauka. A zauren wasu na cewa in riƙe shekara biyar zan sha mamaki, wasu kuma na cewa in riƙa sayarwa idan ya hau, in sake saye idan ya sauko. Maiɗakina ba ta san na taɓa kuɗin ba, ga damina tana ƙaratowa. Wanne zan bi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da mafita, ya kuma nufe ka da shiga gidanka lafiya.

Kada ka bi ko ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu yadda suka faɗa. Su duka farashi suke kallo, ba wanda ya tambaye ka me kamfanonin nan suke yi, ko yaushe kake bukatar kuɗinka. Kai kuwa kuɗinka yana da ranar aiki. Kuɗin rufi ne, kuma ruwan sama ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo. Duk kuɗin da mutum zai bukata cikin shekara ɗaya ko biyu ba wurin zamansa ba ne kasuwar hannun jari, ko da a manyan kamfanoni ne, balle waɗannan ƙananan. Don haka aikinka na yanzu shi ne fito da abin da za ka iya fitarwa da ƙaramar asara, sannan a yi maganar abin da ya cancanci a bari.

Bari in fara da abin da ya ja ka, domin shi ke jan kowa. Idan ka ba da naira 600,000 aka ba ka hannun jari na kwabo 50, za ka ga 1,200,000 a allon wayarka. Adadin yana da daɗin gani, sai zuciya ta fara lissafi: in ya kai naira biyar na zama mai miliyan shida. Amma farashin hannun jari guda ɗaya ba ya nuna araha ko tsada. Kamfanin da ya raba kansa gida biliyan 20 ana sayar da kowane kaso kwabo 50, ƙimarsa a kasuwa naira biliyan 10 ce. Wani kamfanin da ya raba kansa gida miliyan 20 kacal ana sayar da kowane kaso naira 500, shi ma biliyan 10 ne. Rabo iri ɗaya kuɗinka suke saya maka a cikin kowannensu. Kafin na kwabo 50 ɗin ya kai naira biyar, sai kamfanin gaba ɗaya ya koma na biliyan 100. To me yake sayarwa, wa ke saye, nawa yake samu a shekara da zai ninka kansa sau goma? Idan ba ka da amsar wannan, ba jari ka zuba ba tukuna, fata ka saya.

Yanzu ga masu cewa ka riƙa saye da sayarwa. Ba su gaya maka cewa kowace shiga da kowace fita akwai kuɗin da ake yanka ba. Akwai la'adar dillali, akwai kason hukumar SEC mai sa ido kan harkar hannun jari, akwai na NGX, wato kasuwar hannun jari ta Nijeriya, akwai na CSCS da ke ajiye bayanan hannayen jari, akwai harajin hatimi da harajin VAT a kan wasu daga cikinsu. Idan ka haɗa saye da sayarwa, a wurin dillalin da ke karɓar cikakkiyar la'ada, kusan kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na kuɗinka ya tafi. Sannan akwai tazarar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa. A hannun jarin kwabo 50, kwabo ɗaya tak kashi biyu cikin ɗari ne. Idan masu sayarwa sun tsaya a 52, masu saye suna tayawa 50, ka riga ka yi asarar kusan kashi huɗu tun daga lokacin da ka saya. Haɗa su ka gani: sai abin ya hau da kashi bakwai ko takwas kafin ka dawo da uwar kuɗinka. Alhali dokar kasuwar ba ta barin farashi ya wuce kashi 10 a rana, sama ko ƙasa. Wato sai ka dace da rana mafi kyau kafin ka ci 'yar riba, kuma sai ka yi ta dacewa a jere. Dillali kuwa ko ka ci ko ka faɗi ya karɓi nasa.

Ka kuma tuna da sana'arka. Kasuwar tana ci ne Litinin zuwa Juma'a, a daidai sa'o'in da kake gaban allo. Waɗanda za ka yi gogayya da su ma'aikatan kamfanonin dillanci ne da ke zaune gaban kwamfuta tun safe, suna ganin jerin masu saye da masu sayarwa yana canzawa, wasunsu ma sun san labarin kamfanin kafin ya fito. Kai kuma za ka leƙa waya tsakanin darasi da darasi. Ɗalibai za su cutu, kai ma ba za ka ci ba. Wannan ƙofar ka rufe ta gaba ɗaya.

Kamfaninka na biyu, wanda ba mai saye, shi ne ya koya maka abin da ya fi komai muhimmanci game da irin waɗannan hannayen jari. Farashin da kake gani a manhaja farashin ciniki na ƙarshe ne, ba alkawari ba ne cewa wani zai ba ka haka yau. A kasuwarmu sai an yi cinikin a ƙalla hannun jari 100,000 kafin farashin irin waɗannan ƙananan ya motsa, saboda haka wani zai yi makonni a kan lamba ɗaya kamar yana da ƙarfi, alhali ba kowa a bakin ƙofarsa. Ranar da mummunan labari ya fito kuma sai kowa ya jero yana son sayarwa, ba mai tayawa. Idan ya riƙa faɗuwa kashi 10 kullum, kwana bakwai na kasuwa sun isa su cinye fiye da rabin kuɗin mutum yana kallo. Abin da ya faɗi da rabi kuwa sai ya ninka kansa kafin ya dawo inda yake.

Wannan ƙarancin masu ciniki shi ne kuma ya sa zaurukan WhatsApp da Telegram suke son ƙananan kamfanoni. Ba wanda zai iya ɗaga farashin babban kamfanin siminti ko na sadarwa da 'yan miliyoyinsa. Amma kamfanin da ba a cinikinsa sosai, mutum ɗaya mai 'yan kuɗi zai iya tara shi a hankali, ya tura farashin sama kwana uku ko huɗu a jere, sannan a fara yaɗa cewa "akwai labari mai zuwa, ku shiga kafin ya wuce ku". Idan jama'a suka ruga saye, shi yake sayar musu. Ban ce haka aka yi a zaurenku ba, kuma abokin aikinka mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya saka ka. Sai dai ka tambayi kanka: wanda ya san abin da zai ninka kuɗi, me ya sa yake raba wa ɗaruruwan mutanen da bai sani ba kyauta? Doka ta haramta irin wannan wasa da farashi, amma kama mai yi yana da wuya, kuɗin wanda aka cuta kuma ba kasafai yake dawowa ba.

Saura masu cewa ka riƙe shekara biyar. Maganarsu ta fi kama da hankali, shi ya sa ta fi bukatar a tsaya a kanta. Haƙuri yana biya a kasuwar hannun jari, gaskiya ne, amma ga wanda ya riƙe abu mai kyau. 'Yan kasuwar Dawanau suna sayen hatsi da kaka su ajiye har bazara su ci riba, domin hatsin lafiyayye ne kuma dole mutane su ci abinci. Wanda ya ajiye buhun da ƙwari suka riga suka shiga, daɗewar ajiyar ba ta ƙara masa komai sai gari.

Mun ga haka a ƙasar nan. Bayan haɗe bankuna na 2004 zuwa 2005, lokacin da aka ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, jama'a sun yi rububin sayen hannun jari. Ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwar Kano da Kaduna, har da 'yan fansho, wasu ma bashi suka ci daga bankunan suka saya. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari baki ɗaya, ya haura 66,000. Shekara ɗaya bayan nan ya sauko kusan 20,000. Bai sake taka wancan matsayi ba sai a watan Agustan 2023, bayan shekara 15, kuma ka san abin da naira ta zama a tsakani. Wannan ma'aunin kasuwar gaba ɗaya ke nan, wanda manyan kamfanoni suka ɗaga. Waɗanda suka riƙe Afribank da Bank PHB da Spring Bank ba su ga farfaɗowa ba, domin a watan Agustan 2011 aka karɓe bankunan aka miƙa kadarorinsu ga sabbin bankuna, masu hannun jari suka tashi da takarda. Haka ya faru da masu Skye Bank a watan Satumban 2018, kuma kafin a soke lasisinsa hannun jarinsa yana ƙasa da naira ɗaya, daidai irin wanda ake cewa "ai ya yi araha, ba inda zai ƙara faɗuwa". Idan kamfani ya rushe, sai an biya masu ajiya da masu bin bashi kafin a waiwayi mai hannun jari, galibi kuma ba a samun saura.

Akwai wani abin da ya shafi na kwabo-kwabo kai tsaye. Shekaru da yawa kasuwar tana da dokar da ta hana hannun jari sauka ƙasa da kwabo 50. Kamfanoni da dama, musamman na inshora, suka yi shekaru a manne a kwabo 50, masu su suna ganin ko ba riba ai ba asara. A watan Janairun 2018 aka cire wannan shinge, sai ga da yawansu sun gangaro zuwa kwabo 20. Ashe doka ce ta riƙe su, ba ƙarfinsu ba.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, domin na san shi za a kawo maka a zauren. Transcorp ya daɗe yana yawo kusa da naira ɗaya. A farkon 2023 naira ɗaya da 'yan kwabbai ne, a watan Afrilu attajirin nan Femi Otedola ya sayi kaso mai yawa, hankalin kasuwa ya koma kansa, kafin ƙarshen shekarar ya wuce naira takwas. Wanda ya riƙe ya ci. Amma dubi abin da ke ƙarƙashinsa: tashoshin wutar lantarki a Ughelli da Afam, da otal ɗin Hilton na Abuja. Kadarori ne da ake gani da ido, suna kawo kuɗi kowace rana. Bankin Jaiz ma an sa shi a kasuwa a 2017 a kan naira 1.25, ya sauko ƙasa da naira ɗaya ya daɗe a can, amma bankin yana ta ƙara rassa da masu ajiya, daga baya ya fara raba riba, farashin ya bi baya. Ba ina ce maka ka je ka sayi waɗannan ba ne, farashinsu na yau wani lissafi ne daban. Ina nuna maka cewa waɗanda suka tashi suna da sana'a mai rai a bayansu, kuma kowane ɗaya da ya tashi akwai da yawa da suka kwanta ba a ƙara jin sunansu a zaure ba.

Saboda haka kowane kamfani cikin ukun ka yi masa hukuncinsa daban. Shiga shafin NGX a intanet, rahotannin kuɗi na kowane kamfani suna nan kyauta, na wata uku-uku da na ƙarshen shekara wanda masu binciken kuɗi suka sa wa hannu. Abu na farko, yana fitar da rahoton a kan lokaci? Kasuwar tana wallafa jerin kamfanonin da suka makara da waɗanda suka gaza cika sharuɗɗa, kuma tana iya dakatar da cinikin wanda ya ƙi gyarawa. Idan aka dakatar, kuɗinka ya maƙale sai yadda hali ya yi. Wanda ka gani a wannan jeri kada ka tsaya dogon nazari a kansa. Bayan haka duba ribar shekara uku a jere, kuma ka lura ko daga ainihin sana'arsa take fitowa. Wani kamfanin gini zai sayar ko a sake ƙiyasta darajar filayensa, ribar shekara ɗaya ta kumbura, a yi ta yayatawa, shekara mai zuwa a koma gidan jiya. Duba bashin da ke kansa, da ko asarar da ya tara ta cinye jarin masu shi. Sannan ka tambaya yaushe rabonsa da raba riba. Kai malami ne, awa biyu a ranar Asabar sun ishe ka, kuma idan wani layi ya shige maka duhu malamin lissafin kuɗi na makarantarku zai warware maka.

Game da na inshorar akwai ƙarin abin lura. A 2025 an sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta ɗaga yawan jarin da kowane kamfani zai mallaka. Labarin ya sa farashinsu ya yi tsalle, amma ma'anarsa ga ƙaramin kamfani ita ce sai ya nemo sabon kuɗi, ko ya haɗe da wani, ko ya rasa lasisi. Neman sabon kuɗi yakan zo da fitar da sabbin hannayen jari masu yawa. Idan ba ka da kuɗin sayen naka kason, rabonka a kamfanin ya ragu ke nan. Wani lokacin kuma a haɗe hannayen jari, a mayar da huɗu ko goma su zama ɗaya, farashi ya ninka a allo alhali kuɗinka bai ƙaru da ko kwabo ba.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ba zan wuce shi ba. Malamai da yawa suna da magana a kan mallakar hannun jari a kamfanin inshora na gargajiya da bankunan da ke mu'amala da ruwa, kuma mafi yawan masu arahar nan daga wannan ɓangare suke. Kasuwar tana da ma'auni na musamman, na Lotus, wanda ke tattara kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idojin shari'a. Ka zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki ka nuna masa abin da ka saya, ka tambaye shi har da yadda zakka take a kan hannun jarin da aka saya don sayarwa da wanda aka saya don ajiya, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Wajen fita kada ka zubar da komai rana ɗaya cikin fushi. Na ukun, mai hawa da sauka, shi ne mai masu saye, don haka shi ya fi sauƙin mayarwa kuɗi. Sa farashin da kake so da kanka, kada ka ce a sayar a duk yadda aka samu, ka kuma raba shi kashi biyu ko uku cikin mako ɗaya ko biyu. Na inshorar, idan bai tsallake binciken da na faɗa ba, ka sayar ko da da asara. Na san abin da ke riƙe ka: ka taɓa ganinsa a sama, kana jiran ya koma can. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, da kuɗin suna hannunka yau, za ka sayi wannan kamfani a wannan farashi? Idan a'a ce, riƙe shi daidai yake da sake sayensa. Na biyun kuwa, kira dillalinka ta waya, kada ka tsaya a manhaja. Tambaye shi ko an dakatar da cinikinsa ne ko masu saye ne babu, da nawa ake tayawa. Bar umarnin sayarwa a buɗe a ɗan ƙasa da farashin allo, a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Mai yiwuwa ya ɗauki watanni, don haka kada ka sa shi a lissafin rufi. Idan kuɗin ciniki suka fito, sukan ɗauki 'yan kwanakin aiki kafin su iso asusunka.

Tun da za ka kira shi, tabbatar da abu biyu. Duba sunan kamfanin dillancin a jerin waɗanda SEC ta yi wa rajista, sannan ka nemi lambarka ta CSCS da bayanin abin da ke cikin asusunka daga can, don ka san hannayen jarin da sunanka suke. Bayan damfarar zuba jari da MMM ta yi wa mutane a 2016 da CBEX a 2025, duk manhajar da ke nuna lambobi sai an bincika abin da ke bayanta.

Maganar maiɗakinka kuma, ka gaya mata a makon nan, kafin ka sayar da komai. Gidan nan da ita za a zauna, kuma na tabbata akwai cefanen da ta taƙaita da ɗinkin da ta haƙura da shi kafin kuɗin su taru. Ka faɗa mata adadin yadda yake: nawa ka zuba, nawa ya rage a yau, me ka yanke. Za ta ji zafi, tana da haƙƙin haka. Amma jin ta bakinka yanzu ya fi sauƙi a kan ta gane da kanta ranar da kafinta ya zo babu kuɗin kwano. Ɓoyewar ma tana cikin abin da ke tura mutum ga kasada, domin mai son cike gurbi kafin a gane shi ne yake ƙara zuba kuɗi a inda ya faɗi.

Naira 300,000 da suka rage kada su kwana a asusu suna jiran sauran. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, kayan gini kuma ba su cika saukowa ba idan sun hau. Je ka sayi kwano da katako gwargwadon abin da za su saya, ko da ɗaki ɗaya za a fara rufewa, abin da ya fito daga kasuwa a ƙara a kai.

Bayan an rufe gida, idan har yanzu kana sha'awar zuba jari, ban hana ka ba, ina ma ƙarfafa ka. Ware abin da albashi zai iya ɗauka duk wata, wanda ba za ka nema ba nan da shekara biyar. Gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, tun 2017, ana shiga da naira 10,000, akwai kuma asusun haɗaka na halal da ake sayarwa a kasuwar, wanda ke raba kuɗinka a kamfanoni da yawa lokaci guda. Idan kana son ƙaramin kamfani da ka karanta rahotonsa ka gamsu, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka zuba, ka kuma rubuta a littafi dalilin sayenka da abin da zai sa ka sayar tun kafin ka biya. Ka cike takardar karɓar rabon riba ta banki a wurin rijistaran kowane kamfani, wato mai ajiye sunayen masu hannun jarinsa, don kada ribarka ta shiga cikin tarin da ba a karɓa ba, ka kuma sani ana cire harajin kashi 10 kafin ta iso ka. Zauren kuwa ka fita daga cikinsa yau, ka yi wa abokin aikinka bayani cikin mutunci, wataƙila shi ma kuɗin wata bukatar ya zuba.